Irin Lalo da Butar Shayi

Ni matattu nake yi wa aiki. Haka Yaya yake gabatar da ni ga baƙinsa idan tsokana ta motsa masa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a ɗaki ɗaya a cibiyar binciken tsirrai, ɗaki mai dogayen kabad na ƙarfe da warin maganin ƙwari. Masu shiga daji su kawo ganye da fure, ni kuma in shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu, in danne da katako in ɗaure tamau. Idan sun bushe in manna kowanne a farar takarda mai kauri, in rubuta masa sunansa da danginsa da inda aka tsinko shi. Duk abin da ya iso teburina ya riga ya gama rayuwarsa. A gida Likitar Ciyawa ake ce mini, ni kuma in ɓata fuska kamar ba na so, alhali kaina har wani girma yake yi.

Dangin da na fi sani, wanda na yi rubutun kammala karatuna a kansa, shi ne dangin su lalo. Mutane da yawa ba su san lalo da rama da yakuwa da kuɓewa da auduga 'yan gida ɗaya ne ba, har kuka da rimi da duk girmansu a cikin gidan suke. Masana sun raɗa wa dangin suna daga wata tsohuwar kalma, malva, wadda aka ce tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin laushi, saboda yauƙin da ke jikin ganyensu da saiwarsu, wanda tun zamanin da ake sha don ya lausasa maƙogwaro da ciki. Ranar da na dawo hutu na zauna na zayyana wa iyayena wannan, Inna tana tsinkar ganye a faranti. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta tambaye ni ko shekara huɗun da na yi a jami'a duk don a gaya mini lalo yana da yauƙi ne. Baba ya yi dariya har ɗan madubin da yake maƙalawa a ido ya faɗo kan tebur.

Lalon Inna ba irin na kasuwa ba ne. Ganyensa faɗi gare shi, karansa ja-ja, kuma ba ya saurin tsufa. Daga wurin mahaifiyarta ta zo da irin, ita ma daga wurin tata mahaifiyar. Kowace damina takan shuka shi a ɗan filin da ke bayan ɗakin girki, taku shida ne tsawonsa, na sha aunawa ina yarinya. Da shi take mana girki, da ruwan jiƙonsa take wanke mana kai, in tari ya kama ɗayanmu ta dama busasshensa a ruwan ɗumi ta ɗura mana muna yamutsa fuska. Karan ma ba ya tashi a banza, takan jiƙa shi ta saɓule ɓawon ta murza igiyar ɗaure tsintsiya. Ƙarshen damina ta bar layi ɗaya ya yi kwanso, ta sussuke, ta zuba irin a tsohuwar kwalbar maganin tari. Duk na san wannan. Abin da ban taɓa tsayawa na gani ba shi ne ranar shukar kanta, domin farkon damina kullum muna makarantar kwana, daga baya kuma ina wurin aiki.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in ya yi a ɗan shagonsa yana sunkuye a kan ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Mutum ne da ba ya ce maka an jima, sai dai ya ce minti goma sha biyu, kuma in sun cika ka gan shi. Shekara biyu kafin rasuwar Inna ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta tafi, rubutu ma ya bi ta, in aka ba shi biro sai ya ja layi ya tsaya yana kallonsa da takaici. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa, ita ce "to". Da ita yake gaisuwa, da ita yake ƙi, da ita yake neman ruwa. Likita ya ce hankalinsa yana nan daram, ƙofar fita ce kawai ta rufe. Inna ce ta zama harshensa. In ya ɗaga gira ta san gishiri ya yi yawa, in ya buga yatsa a tebur ta san labarai yake so a kunna masa. Ba mu taɓa tambayarta yadda take yi ba, mun ɗauka tana nan har abada.

Da rani ta kwanta, kwana tara, ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Ni na tattara na koma gidan, tunda aurena ya daɗe da mutuwa ba ni da wanda zan nemi izininsa. Ina fita bakwai da rabi, in dawo ƙarfe huɗu, maƙwabciyarmu tana leƙa shi da azahar. Tun ciwon nan haɗiya tana ba shi wahala, abu mai yauƙi ne kawai yake wuce masa salin-alin. Busasshen ganyen da Inna ta bari ya ƙare, na sayo na kasuwa. Ya yi cokali biyu ya ture kwanon. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Washegarin ruwan farko, da safe, ya jawo ƙafarsa zuwa ɗakin girki, ya laluba bayan gwangwanin gari, ya dawo ya dire kwalbar maganin tari a gabana. Irin da ke ciki bai fi cokali uku ba, ƙanana masu kusurwa, baƙi-baƙi da ɗan shuɗi. Raina ya yi fari. Wata uku ina fama da mutumin da ba na fahimta, ga shi yau ya kawo mini abin da na yi karatu a kai.

Na gyara filin nan kamar za a zo duba shi daga ofis. Na tankaɗe ƙasa, na ja layi da igiya, na auna tazara da rula. Baba yana tsaye a ƙofar ɗakin girki ya dogara da sandarsa yana ta cewa to, to, to, yana nuna risho da hannun hagu. Na ɗauka shayi yake so. Na wanke hannu na dafa masa, ya kalli kofin ya kalle ni, ya kau da kai. Na shuka cokali ɗaya. Kwana goma muna zuba ido, tsiro biyar suka fito, sirara, kafin mako ya zagayo sun kwanta. Na ɗora laifin a kan ƙasa, na nemo taki, na shuka cokali na biyu. Wannan karon biyu ne suka leƙo, ƙadangare ya yi kalaci da su. Na ce da Baba, da irin muryar da nake yi wa ɗalibai bayani, cewa irin ya tsufa ne, ba a yi masa ajiya mai kyau ba. Ya daɗe yana kallona.

Ranar wata Asabar na fito daga wanka na ji ƙarar murfin buta. Na tarar da shi a ɗakin girki, ya juye sauran irin a kofi, butar shayi tana tururi a hannunsa na hagu, bakinta ya riga ya karkata. Na yi tsalle na fizge kofin. Kuma na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ɗaga wa mahaifina murya. Na tambaye shi ko so yake ya kashe abu ɗaya da ya rage mana na Inna. Ya ajiye butar a hankali, ya nuna kofin, ya nuna butar, ya ɗaga yatsunsa yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ban tsaya kallon yatsu ba. Na mayar da irin kwalba na ɗora a saman kabad ɗin ɗakina. Ban gaya wa Yaya ba, na ce baƙin ciki ne, zai wuce.

Bayan mako biyu, ina ofis da tsakar rana, waya ta shigo daga asibiti.

Yaya ne ya biya ya kai masa magani, ya same shi a gaban risho. Ashe Baba ya zaƙulo kwalbar daga saman kabad da sandarsa, ya ƙulle irin a gefen hankici, da haƙori da hannu ɗaya, ya buɗe murfin butar yana shirin zura ƙullin a ciki. Yaya ya kai hannu, Baba ya riƙe gam, buta ta kife. Ruwan ya zuba a bayan hannun Yaya da kan ƙafar Baba ta dama, wadda ba ta jin komai. Yaya ya ce abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne fatar ƙafar tana tashi amma tsohon ko kallonta bai yi ba, ƙullin da ya faɗi ƙasa yake nema da ido. Da na koma gida na tsince shi a ƙarƙashin kanta, bushe, ruwa bai taɓa shi ba.

Kada a ɗauka Yaya mugu ne. Ma'aikacin kashe gobara ne, ya sha fito da tsofaffi daga gidajen da aka bar su su kaɗai da risho, kuma ba duka ne suka fito da ƙafafunsu ba. Shi ƙaunarsa a tsara abubuwa take. Kwana uku bayan an sallamo Baba, Yaya ya zo da matarsa muka zauna a falo, hannunsa a naɗe da bandeji. Ya ce likita ya gaya masa irin wannan ciwon wani lokaci yakan ci gaba ya taɓa tunani, amma ba za a iya tabbatarwa ba tunda mara lafiyan ba ya magana, sai dai a lura da abin da yake aikatawa. Ya ce shi ba ya son ya raba Baba da gidansa a kan zato. In akwai ma'ana a abin da yake yi, za a nemo mai zama da shi da rana, a bar shi a ɗakinsa. In babu, to Baba ya koma gidansa shi Yaya.

Sannan ya juyo gare ni.

"Likitar Ciyawa, yau ba da wasa na kira ki ba. Ke kika karanci abin nan. Akwai wani dalili, ko ɗaya, da zai sa mai hankali ya tsoma iri a tafasasshen ruwa?"

Da na ce masa ban sani ba, bari in tambaya, da ba abin da zai ragu a jikina. Amma shekara goma sha tara ana kawo mini tambaya ina ba da amsa, bakina ya manta yadda ake faɗin waɗannan kalmomin. Ga haushin shuka biyu da suka ƙi ni, ga gajiya, kuma, tunda gaskiya na zauna faɗa, ga wani ɓangare na zuciyata da yake son a sauke masa kayan.

Na ce, "Babu. Zafi kashe iri yake yi."

Ba mu san Baba ya taso ba. Yana tsaye a bakin labule da ƙafarsa a naɗe. Ya kalli Yaya, ya kalle ni, kallon da ya fi daɗewa a kaina.

Ya ce, "To."

Ranar tafiya bai yi gardama ba. Ya zagaya bayan ɗakin girki ya tsaya a kan filin da ciyawa ta fara cinyewa, ya dawo ya murza mabuɗin agogon bango, ya shiga mota. Gidan Yaya a hawa na biyu yake, ɗaki uku da 'yar baranda mai kallon titi. An ba Baba ɗakin yara, an sa masa gado mai kyau da rediyo, ba abin da aka rage shi da shi. An kuma sa kwaɗo a ƙofar ɗakin girki, aka ce saboda yara ne, alhali ƙaramarsu ta shiga sakandare. Duk lokacin da matar Yaya za ta shigo da butar shayi sai ta ce, cikin ladabi, Baba hannu. Yaya ma haka, yaran ma suka ɗauka. Ni ma da nake zuwa ran Asabar na sha faɗa. Kafin wata ya cika ba ya jira a ce, da ya ji motsin buta sai ya mayar da hannun hagunsa bayansa ya riƙe rigarsa.

Ni na koma ɗakina kusa da wurin aiki. Yaya ya ce gida in ba kowa mutuwa yake yi, ya sa ɗan haya. Mutumin kirki ne mai mota, da ya nemi izinin gyara bayan gidan don ya sami wurin ajiye ta, ni aka tambaya, na ce ya yi.

Ƙullin hankicin yana cikin jakata duk tsawon lokacin nan. Damina ta fara ja baya, na yanke shawarar in yi masa abin da na iya, in zuba shi a 'yar ambulan in rubuta masa suna in ajiye a kabad tare da sauran matattuna. Ran nan na iso cibiyar da wuri, na bi ta bayan ginin inda ake renon tsirrai, hanyar da ban cika bi ba saboda taɓo. Akwai wani tsoho mai ban-ruwa a wurin, ya riga ni fara aiki a cibiyar, gaisuwa ce kawai take haɗa mu, ita ma daga nesa. Na gan shi a tsugune gaban murhun duwatsu uku, gwangwani yana tafasa, a hannunsa ƙullin tsumma ne a ɗaure da zare. Ina kallo ya zura shi a ruwan, leɓensa yana motsi, ya ciro, ya tsoma a bokitin ruwan sanyi.

Na matsa kusa da shi. Na tambaye shi abin da yake dafawa.

Ya yi dariya ya ce, "Ba dafawa nake ba, ranki ya daɗe, tashinsa nake daga barci. Irin lalo ne. Ɓawonsa tauri gare shi, in ya daɗe a ajiye ruwa ba ya shigarsa. In kika shuka shi haka, cikin ɗari da ƙyar biyar su fito."

Na tambaye shi ko ba ya mutuwa. Ya ce yana mutuwa mana, in aka bar shi ya daɗe, in kuma aka yi saurin cirewa an yi aikin banza, duk sirrin a ƙirge yake. Shi goma yake ƙirgawa. Sai a shanya a inuwa ya sha iska, a shuka a ranar. Ya ƙara da cewa ai wannan duk matar da ta taɓa shuka lalo a bayan ɗaki ta san shi, sannan ya tuna da wa yake magana, ya ce amma dai ku ne masana.

A tsaye a cikin taɓon nan na tuna wani ɗan tsumma mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin girkin Inna, shekara da shekaru, da alamar ƙulli a tsakiyarsa. Na ɗauka na tace magani ne. Na tuna yatsun Baba suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya. Wa zai riƙe wa Inna ƙirgen daƙiƙa in ba mai gyaran agogo ba? Shekara arba'in da wani abu suna wannan aikin su biyu, ita da tsumma, shi da agogo.

Na shiga ofis na sauko da babban littafin dangin daga kantar da ke bayan kujerata. Shafukan suna da asali da siffar fure sun yi baƙi da yatsuna. Babin noma kuwa fari tas, wasu shafukan ma a manne suke. Bayanin yana nan, layi uku. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa tsakanin kabad biyu na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da Inna. Kunya ce ta fi yawa a ciki. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa rimin ma na san danginsa da sunansa na boko.

Ban iya jiran Asabar ba. Na ɗauki izini, na sayi bokitin fenti da babu komai a ciki, mai ban-ruwa ya huda mini gindinsa ya cika shi da ƙasa mai kyau. Na iske Yaya a gida yana hutun aiki. Tun a tsaye na gaya musu komai, shi da matarsa, ban rage wa kaina ko ɗaya ba. Yaya ya dubi tabon bayan hannunsa, ya tashi ya ɗauko mabuɗi ya buɗe kwaɗon da kansa.

Baba yana baranda yana kallon motoci. Na durƙusa a gabansa na ciro hankicin, ƙullin da ya yi da haƙorinsa yana nan yadda yake, ban taɓa kwance shi ba. Idonsa ya sauka a kai ya tsaya.

"Baba, kai ne da gaskiya. Hankalinka ƙalau yake, ni ce ban sani ba, kuma na ƙi cewa ban sani ba. Ka yafe mini."

Bai ce to ba. Matar Yaya ta kawo ɗan tebur, ta kawo kwanon ruwan sanyi, sannan ta fito da butar tana tururi ta buɗe murfin. Na miƙa masa ƙullin da hannu biyu.

Hannunsa ya tafi baya.

Na ce ya karɓa, nasa ne. Yaya ya matso ya sunkuya ya ce Baba karɓi, ba mai hana ka. Ya dubi Yaya, ya dubi butar, ya ƙara damƙe bayan rigarsa. Matar Yaya ta juya ta shige ciki tana goge ido da gefen mayafi. Ruwan yana hucewa, irin kuwa shi ke nan, babu wani a duniya. Na ɗaura wa ƙullin zare, na ce to ni zan tsoma, mai ban-ruwa ya ce goma ake ƙirgawa. Na riƙe bakin zaren. Na zura.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, a ƙasa. Ƙafarsa ta hagu ce take buga daɓen baranda, daidai wa daida, ba sauri ba jinkiri, irin bugun da na tashi ina ji a shagonsa. Na bar nawa ƙirgen na bi nasa. Huɗu. Biyar. Shida. A na bakwai ya ce "To!" da ƙarfin da ban ji a muryarsa ba tun kafin ciwon. Saura uku a lissafin mai ban-ruwa, littafi ma bai ce bakwai ba. Na ciro.

Na tsoma a ruwan sanyi, na kwance hankicin na baza a inuwa. Da la'asar ya nuna mini da sandarsa zurfin da zan yi, bai kai rabin abin da na yi da rula ba. Na shuka duka, ban rage ko ƙwaya ba.

Kwana huɗu bayan nan Yaya ya kira ni ina ofis. Bai yi sallama ba, ya ce in zo in gani. Bokitin ya yi kore shar, tsiro a kan tsiro har ba a ganin ƙasa, kuma da na sunkuya na ga ɗan ja-ja a gindin kowanne.

A ranar Yaya ya tafi wurin ɗan haya don ya karɓo wa Baba gidansa. Ya dawo ya zauna a mota ya daɗe bai hau sama ba. Yarjejeniyar shekara biyu ce, mutumin ya kawo iyalinsa, 'ya'yansa sun shiga makarantar unguwar. Bayan ɗakin girki kuwa an zuba siminti daga bango zuwa bango, taku shidan nan duka, har da ɗan magudanar ruwan wanke mota. Ba mu gaya wa Baba ba. Ina jin ya sani, domin bai taɓa nuna hanyar gida da sandarsa ba.

Lalon ya yi kyau a bokiti, mun cire dashe mun ƙara bokiti uku. Baba ne yake ba su ruwa da ɗan kofi, shi yake tsinka da hannu ɗaya, kuma ranar da aka fara dafa masa ya cinye kwanon tas. Wuyan rigarsa ya fara cika. Ya bar bokiti ɗaya ya yi kwanso, muka sussuke tare, kwalbar maganin tari ta kusa rabi. Kwaɗon ɗakin girki Yaya ya jefar da shi. Yaran sun daina ce mini Likitar Ciyawa, ba wanda ya hana su, ni ma ban tambaya ba. In na zo Baba yakan matsa mini wuri a kan benci, wani lokaci ya ɗora hannunsa a kaina. Ina jin ya yafe.

Kowace safiya yanzu matar Yaya takan kawo butar ta ajiye a gefensa na hagu, kusa da kofinsa, ta juya mariƙin ya fuskance shi, ta fita ba tare da ta ce komai ba. Ni na roƙe ta ta riƙa yin haka. Wata biyar ke nan. Jiya Asabar ina zaune kusa da shi aka kawo, tururi yana fita ta bakinta. Ya dube ta, ya mayar da hannunsa baya ya riƙe rigarsa, ya jira har na tashi na zuba masa.